Kan Inji: A Auna Kafin A Biya

A wannan wata za mu leƙa Magazin ta Suame, inda yaranmu na Moshi Zango da dama suke sammako neman abinci, wasu fita, wasu masu walda, wasu masu sayar da kayan mota. Magana ce a kan murfin ƙarfen nan da yake zaune bisa silinda, wanda fitoci suke kira hed.

Amma bari mu fara daga nesa. A Amurka akwai tseren motoci a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato wajen mita 402. Ƙungiyar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ita ce babba a wannan harka. A ajin da suke kira Stock, doka ta ce a bar hanyoyin iska na kan inji yadda kamfani ya zubo su, ba faɗaɗawa, ba gogewa. To, ɗan Adam sai Allah. Wasu sukan zuba asid a hanyoyin ya ci ƙarfen a hankali, iska ta samu wuri, ba tare da an ga sawun dutsen gurza ba. Saboda haka alƙalan tseren ba su dogara ga ido kaɗai. Sai a kwance injin, a rufe ramin da mai yake ƙonewa da faranti mai haske, a ɗiga ruwa daga bututun awo har ya cika, a kwatanta da adadin da yake rubuce. Duk da haka gardama ba ta ƙarewa, domin kai biyu da suka fito daga kamfani ɗaya ma ba su zama daidai ƙwabo da ƙwabo.

Su kofi suke nema. Mu nan abincin gida ne. Direban tasi ko na tirotiro ya ci bashi ya sayi inji hom-yus da aka sauke a Tema, an wanke shi fes, kamar daga leda. Bayan sati uku ruwa ya fara tafasa, farin hayaƙi a baya, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Sai a ce gaskit ne. A sauya gaskit, ciwo ya dawo.

Abin da yake faruwa shi ne, zafi yakan lanƙwasa kan inji, musamman na alminiyam, sai a kai shi wurin mai mashin a aske fuskarsa. Askewa ba laifi ba ce, amma tana da iyaka. Kowane aski yana rage ramin ƙonewa, matsi ya ƙaru, inji ya riƙa ƙwanƙwasa da zafi. Kan da aka aske sau uku da wanda ba a taɓa ba, a ido duk ɗaya ne. Haka tsagar da ke tsakanin bawul da bawul idan aka yi mata walda aka share. Kada kuma wani ya ce ai motar tana da takardar DVLA. Hukumar, wadda aka kafa a 1999, birki da fitila da taya take dubawa, ba ta buɗe inji.

Mu a ganinmu, mai saye ya tafi da fitansa, ba na mai kaya ba. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, a gwada da fila-geji. A yawancin ƙananan motoci ratar da ta wuce 0.1 na milimita matsala ce. A auna kaurinsa a duba littafin motar. A toshe hanyoyin ruwa, a hura iska, a tsoma shi cikin ruwan zafi a ga ko kumfa za ta fito. In dai inji ne a rufe, to a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, gaban shaidu biyu, kafin sidi ɗaya ya fita daga aljihu.

Su kuma mastocinmu na Magazin, muna roƙonsu su nuna wa yaran shago yadda ake wannan awo tun suna wankin kaya da fetur.