Ra'ayinmu: "Kaya in ya fita ba ya dawowa" ba doka ba ce

Duk wanda ya taɓa sayen waya, batir ko faifan sola a shagunan garin Diffa ya san maganar da ake sallamarsa da ita: kaya in ya fita ba ya dawowa. Wasu masu shago har rubuta ta suke yi a bango da Faransanci. An maimaita ta har mutane sun ɗauka doka ce, alhali al'ada ce kawai da mai sayarwa ya kafa don kare kansa.

Wanda ya fi shan wuyar wannan al'ada shi ne manomin tattasai na bakin Komadugu. Ya taso daga Gueskérou ko Chétimari, ya haɗa kuɗin injin ban ruwa, wani lokaci da bashi. An tayar masa da injin a ƙofar shago, ya yi ƙara na minti biyu, an ce ya gani da idonsa. Kwana uku a gona, injin ya tsaya. Dashe ba ya jiran a gama gardama. Idan ya biya kuɗin mota ya dawo gari, abin da zai ji shi ne ya kai wa bakanike. Asararsa ta wuce kuɗin inji, ta kai ga noman shekara guda.

A nan akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Na farko, kayan da ke da lahani. Na biyu, kaya lafiyayye da mai saye ya kai gida ya ga bai yi masa ba. A na biyun babu tilas a kan ɗan kasuwa. Ko a Ingila, inda mai saye ke da kwana 30 ya mayar da kaya mai lahani a ba shi kuɗinsa, karɓar lafiyayyen kaya da aka saya a cikin shago kyautatawa ce ta mai shagon. Mun kuma san akwai masu sayen kaya su sa a biki, su dawo da shi washegari. Ba su muke karewa ba.

Amma kaya mai ɓoyayyen lahani hukuncinsa daban. Nijar tana da dokar kare masu saye tun 2015, an kuma ƙara wata a 2019 da ta tanadi hukunci ga masu karya ta. Tun kafin waɗannan dokoki, fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure ya ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa, ya kuma halatta a ƙulla ciniki da sharaɗin 'yan kwanakin gwaji. Ke nan ɗan kasuwar da ya ƙi karɓar injin da ya zo da lahani ba shi da mafaka, ko a gaban alƙali ko a gaban liman.

Su ma 'yan kasuwar suna da nasu kukan, kuma ba ƙarya ba ne. Kaya da yawa daga Maiduguri da Kano suke shigowa, ta hanyoyin da rikicin Boko Haram ya tsawaita tun 2015, kuma dillalin can bai ba su wani tabbaci ba. Sai dai mai shago yana da hanyar raba asara a kan farashin kaya ɗari. Manomi inji ɗaya ya saya.

Akwai kuma wata matsalar a Diffa: ana ciniki da naira da sefa a kasuwa guda. Ko da an yarda a mayar da kuɗi, sai a shiga wata rigimar kan wane canji za a bi, na ranar saye ko na ranar mayarwa. Ba tare da takarda ba, mai ƙarfin murya ne ke cin nasara.

Shi ya sa muke ganin gyaran zai fara ne daga rasit. Ofishin ma'aikatar kasuwanci na jihar Diffa ya zauna da shugabannin 'yan kasuwa, a wajabta wa masu sayar da injuna da kayan lantarki ba da takarda mai ɗauke da ranar saye, farashi, irin kuɗin da aka biya da adadin kwanakin gwaji. A sanar da haka a gidajen rediyo da Kanuri, Hausa da Fulfulde, tunda yawancin masu sayen ba za su karanta doka da Faransanci ba. Ƙungiyoyi irin su ADDC Wadata kuma su tuna cewa daga Yamai zuwa Diffa ya haura kilomita 1,300, kuma manomin da injinsa ya mutu ba zai iya kai ƙara can ba. Yana buƙatar teburi ɗaya a cikin kasuwar Diffa inda zai ajiye rasit ɗinsa a saurare shi a ranar.