Naman kazar da ya hallaka ɗaruruwa kafin a raɗa masa suna

A watan Maris na shekarar 2025, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa nau'o'in naman kaza da danginsa da ta tantance matsayinsu sun kai 1,300, kuma 411 daga cikinsu na fuskantar barazanar ɓacewa.

Adadin bai taka kara ya karya ba. Wani rahoto da cibiyar binciken tsirrai ta Kew da ke Ingila ta fitar a shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa akwai nau'i kimanin miliyan 2.5 na wannan dangi, wanda ya haɗa da fumfuna da yis, amma kusan 155,000 ne kawai masana suka bai wa suna.

Mai karatu zai iya cewa raɗa wa naman kaza sunan Latin aikin marasa abin yi ne. Abin da ya faru a lardin Yunnan na kudu maso yammacin ƙasar Sin ya nuna akasin haka.

Mutuwar fuju'a a ƙauyukan tsauni

Tun daga ƙarshen shekarun 1970, duk damina, tsakanin watan Yuni da Agusta, akan sami mutanen da ke faɗuwa su mutu farat ɗaya a ƙauyukan da ke kan tsaunuka, a tudun da ya kai mita 1,800 zuwa 2,400. Sau da yawa 'yan gida ɗaya ne ke bin juna cikin 'yan kwanaki. Wasu kan yi fama da bugun zuciya da jiri da tashin zuciya, wasu kuwa ko ciwon kai ba sa yi. An ƙiyasta cewa mutane kimanin 400 ne suka rasu ta wannan hanya cikin shekaru talatin.

An zargi cutar Keshan, wato ciwon zuciyar da ke da nasaba da ƙarancin sinadarin seleniyam, an kuma zargi ƙwayoyin cuta da ruwan sha. A shekarar 2005 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta tura ayari ƙarƙashin jagorancin Zeng Guang. Bayan shekaru ana bin gida-gida, masu binciken suka lura da wani ɗan farin naman kaza da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace, wanda ake yawan samu a gidajen mamatan.

Jama'ar Yunnan ba baƙi ba ne a harkar naman kaza, domin da shi da yawa suke samun kuɗin shiga. Sai dai wannan ƙarami ne, kuma da an tsinke shi yake dafewa, don haka ba shi da kasuwa. Masu tsada akan kai wa 'yan kasuwa, shi kuma ya shiga tukunyar gida. Talauci ke nan ya zaɓa wa mutane abin da za su ci.

Yadda aka gane shi

Da samfurin ya isa hannun Yang Zhuliang na cibiyar nazarin tsirrai ta Kunming, sai aka tarar babu shi a cikin littattafan masana.

Aikin tantancewa yana farawa ne da ido: launin laimar, da tsawon ƙafar, da kuma siraran faifan da ke jere a ƙarƙashin laimar kamar shafukan littafi. Ana duba ko sun tsaya a bakin ƙafar ko sun gangara jikinta, kamar yadda suke a wannan nau'i. Daga nan akan kifa laimar a kan takarda ta kwana, domin a ga launin ƙurar irin da za ta zubo, sannan a auna ƙwayoyin ƙurar da madubin ƙara girma.

Amma ido na yaudara, domin nau'i biyu kan yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya abinci, ɗaya guba. Shi ya sa ake gwada wani yanki na ƙwayar halitta ta DNA da ake kira ITS, wanda a shekarar 2012 masana suka amince ya zama ma'aunin bai ɗaya. Dole kuma a ajiye busasshen samfuri a ma'adanar wata cibiya, inda duk mai shakka zai je ya duba. Daga ranar 1 ga Janairun 2013 ma, suna ba ya karɓuwa sai an yi masa rajista a ɗaya daga cikin rumbunan da aka amince da su, irin su MycoBank.

A shekarar 2012 aka wallafa sunansa: Trogia venenata, wato Trogia mai dafi. A shekarar ce kuma masana sinadarai a Kunming suka bayyana wasu sinadarai biyu masu guba da suka tatso daga jikinsa, waɗanda suka kashe ɓerayen gwaji.

Hukumomi dai ba su jira sunan ba. Tun kafin nan an bi ƙauyuka da hotuna ana gargaɗi, kuma mace-macen sun ragu ƙwarai. Wannan ya dace, amma gargaɗin bai yiwu ba sai da aka iya ware wannan nau'i daga sauran fararen da ake ci lafiya.

Sauran rina a kaba

Ba dukkan masana ne suka yarda cewa naman kazar kaɗai ya yi wannan ɓarna ba. Da farko an yi zaton yana tara sinadarin bariyam mai illa ga zuciya, amma gwajin da aka yi daga baya ya nuna cewa abin da ke cikinsa bai wuce na sauran abinci ba. Wasu kuma na ganin ciwon zuciya na gado na da hannu a wasu daga cikin mace-macen.

Kalmar "sabo" ma abin lura ce. Termitomyces titanicus, wanda ke fitowa a shurin gara, laimarsa kuma kan kai faɗin mita guda, sai a shekarar 1980 aka ba shi sunan kimiyya, alhali mutanen Zambiya sun daɗe suna cinsa.

Muhawarar da ta raba kan masana ita ce ta saurin aikin. Ana raɗa wa nau'i kusan 2,500 suna a shekara, tafiyar da za ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin a kammala. Wasu sun nemi a yarda a ba da suna bisa DNA kaɗai, ko da ba a taɓa ganin halittar da ido ba, amma babban taron masanan da aka yi a San Juan na Puerto Rico a shekarar 2018 ya yi watsi da shawarar.