Bindiga Ba Ta Tashi Da Kanta

Duk wanda ya zauna a ajin nahawu ya san cewa Bahaushe yana da dabarar ɓoye mai laifi a cikin jimla. Yaro ya yi sake da tulu, a tambaye shi, ya ce tulu ya fashe. Ya janye kansa daga gurbin aikau, ya ɗora tulu a wurin, sai ka ce tulun ne ya yi niyyar fashewa. To, irin wannan jimla ce mukan ji duk sa'ad da jami'in tsaro ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba: wai bindiga ta tashi, ko harsashi ya kuɓuce. Ni dai a ganina wannan magana ba ta da tushe, kuma yarda da ita da muka yi yana daga cikin abin da ya sa ake ta maimaita ɓarnar.

Mutanen Kano ba su manta da ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 ba, ranar da aka kai hare-hare a wurare da dama, ciki har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, aka rasa rayuka fiye da 180. Daga nan aka sa dokar hana fita, aka girke sojoji da 'yan sanda a kan tituna, aka jera buhunan yashi. Ina yaro a lokacin, amma na tuna yadda mai babur kan sauka ya tura abin hawansa har ya wuce shinge, kafin a hana acaɓa a 2013. Yawancin shingayen nan an kwashe su. Abin da ya rage shi ne sabo da ganin bindiga a tsakiyar jama'a, musamman a Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda masu masana'antu kan nemi a ba su masu tsaro da makami, su zauna a bakin ƙofa ko su raka manyan ma'aikata.

A wani dogon hutu na yi aikin ƙwadago na wata biyu a wani kamfani a Sharaɗa. Da azahar mukan fito mu kewaye wata mai tuwo da ke bakin ƙofa. Kusa da ita akwai benci, a kan bencin kuwa akwai wani jami'i da ya kwana a wurin bai runtsa ba, wanda zai canje shi kuma bai zo ba. Ya ɗora bindiga a cinya, yatsarsa na cikin zoben kunama, gyangyaɗi na ɗibarsa, bakin bindigar na kallon bayan mai tuwo da goyonta. Mun fi mutum ashirin a wurin, babu wanda ya iya cewa uffan. Can sai wani dattijo direban babbar mota ya matsa ta bayansa, ya yi sallama a hankali, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ruwa mai sanyi." Da ya farka ya miƙa hannu, shi ke nan yatsa ta bar kunama. Da Allah ya ƙaddara wani abu a ranar, da kashegari an ce bindiga ce ta tashi.

Bari mu duba ita kanta bindigar. Ƙirar AK-47 da aka fi gani a hannun jami'anmu tana ɗaukar harsashi 30 a gidan harsashinta. A gefenta na dama akwai wani ɗan ƙarfe: in yana sama, kunama a kulle take, in aka sauke shi tsakiya, sai ta yi ɓarin wuta, in aka kai shi ƙasa, sai ta riƙa fitar da ɗai ɗai. Kafin harsashi ya fita sai an ɗana ta, an buɗe makullin, sannan an taɓa kunama. Aiki uku ke nan, kowanne da hannun mutum. Akwai kuma wani tarko da kan ruɗi wanda bai ƙware ba, wato cire gidan harsashi ba ya fitar da ƙwaya ɗayan da ta riga ta shige maƙogwaro. Mutum ya ɗauka fanko ce, ya shiga goge ta, sai a ji ƙara.

Sojojin kundumbala na Amurka sun zauna a sansanonin hamada, irin na Leatherneck da ke lardin Helmand a Afganistan, wanda suka miƙa a 2014. Zafi da ƙura da kewar gida duk sun sha su. Amma tun daga ranar farko ake sa kowane ɗayansu ya haddace ƙa'idoji huɗu: ya ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, kada ya nuna ta ga abin da ba ya nufin harbi, yatsarsa ta miƙe a wajen kunama, makulli kuma ya zauna a rufe sai lokacin harbi. A ƙofar ɗakin cin abinci akan ajiye ganga cike da yashi, a karkace. Mai shiga zai zura bakin bindigarsa a ciki, ya cire gidan harsashi, ya ja ƙarfen baya, ya leƙa maƙogwaro. In akwai ragowar ƙwaya, yashi ne zai sha ta. Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne sun sauya wa abin suna. Abin da a da ake kira harbin tsautsayi sun mai da shi harbin sakaci, kuma akan hukunta mai shi ko da bai sami kowa ba. Ba ina cewa hannunsu tsarkakakke ba ne. Mutanen Iraƙi da Afganistan suna da nasu labarin mai ɗaci. Darasin ganga da yashi kawai nake nufi, kuma ba mu rasa ko ɗaya daga cikinsu a Kano ba.

Sai dai zalunci ne a ɗora wa ƙaramin jami'i laifin duka. Ku dubi yadda yake yini. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, ga kaki mai kauri, ga takalmi sau-ciki, ga hular kwano. Ba rumfar kirki, ba makewayi, abinci kuwa sai abin da mai kamfani ya ga dama. Lokacin hunturu ƙura ta cika masa ido ta cika bindigar. Iyalinsa na can bariki ko wata jiha, sai ya yi watanni bai gan su ba. Wanda aka bari a tsaye dare da rana, jikinsa zai karɓi barcinsa ko ya so ko bai so ba. Saboda haka shugaban da ya tura shi ba tare da mai canjinsa ba, da mai masana'antar da ya ba shi benci a tsakiyar masu sayar da abinci, duk suna da hannu a kan wannan kunama.

Na san za a ce mini wanda ke tsaron ƙofa a garin da ya ga 2012 ba zai riƙe bindiga fanko ba, domin maharbi ba ya sallama. Wannan gaskiya ce, kuma ban nemi haka ba. Sauke makulli ba ya cin daƙiƙa guda ga wanda ya sami horo. Abin da nake nema shi ne makulli ya zauna a sama, bakin bindiga ya kalli ƙasa, a kuma raba wurin zaman mai tsaro da wurin cin abincin leburori. Rundunar 'yan sanda ta sake fasalin dokarta ta amfani da makami, mai lamba 237, a 2019, amma takarda ba ta canza wa mutum aiki in ƙarfe shida ta yi.

Masana'antun Challawa da ke jimar fata suna zubar da gangunan da suka ƙare aiki kullum, yashi kuma ga shi nan a kogin da ke bayansu, tifa-tifa ake ɗiba. Ƙungiyar masu masana'antu na iya sa wa 'ya'yanta sharaɗi cewa duk wanda ya nemi mai tsaro da makami sai ya tanadi ganga a ƙofa, da rumfa, da ruwan sha, ya kuma rubuta sa'ar da jami'i ya kama aiki da sa'ar da aka canje shi. Mu kuma da za mu fita mu zama 'yan jarida da masu fassara a gidajen rediyo, in aka miƙo mana sanarwa, mu tambayi wane ne ya riƙe bindigar, sa'a nawa ya yi a tsaye, da sunan wanda ya tura shi.