Daga bizines zuwa fas-kilas da maki: riba ce ko ganin ido?

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Legas ko Abuja da Landan ko Dubai ya san irin wannan tayi. Ana saura kwana biyu tafiya, sai saƙo ya shigo waya daga kamfanin jirgi: makinka ya taru, ko za ka so a ɗaga ka daga bizines zuwa fas-kilas? Da yawa ba sa tsayawa dogon tunani, tunda a ganinsu maki tsintuwa ne. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a mafi yawan tafiye-tafiyen da mutanenmu ke yi, wannan ciniki ba ya biyan kuɗin sabulu. Makin yana da wurin da ya fi cancanta a kashe shi.

A da can, tazarar da ke tsakanin azuzuwan biyu babba ce. Bizines kujera ce mai faɗi wadda ke ɗan kishingiɗa, kwanciya kuwa sai a fas-kilas. A shekarar 2000 British Airways ya sa wa bizines kujerar da ke miƙewa sambal ta zama gado, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 2017 Qatar Airways ya fito da Qsuite, wato kujerar bizines mai ƙofar da za ka ja ka rufe. Gado da sirri, abubuwa biyun da fas-kilas ke tinƙaho da su, duk sun sauko ƙasa. Shi ya sa kamfanoni da dama suka haƙura da ajin baki ɗaya. Delta da United na Amurka sun soke shi a dogayen tafiye-tafiyensu na ƙetare, American Airlines ma ya sanar a 2022 cewa zai bi bayansu domin fasinjoji ba sa saye. Turkish Airlines da Ethiopian Airlines, waɗanda 'yan kasuwarmu suka fi sabawa da su, bizines ne ƙololuwarsu. Idan masu jiragen da kansu sun yi lissafi sun ga bambancin bai kai a ware masa wuri ba, ya kamata mai maki ya yi nasa lissafin.

Abin da jikin matafiyi yake nema a jirgi abu ɗaya ne: ya miƙe bayansa ya yi barci. Tsakanin ikonomi da bizines akwai wannan bambanci, kuma ana jin sa a gwiwa da ƙugu washegari. Tsakanin bizines da fas-kilas kuwa, gado ne da gado, ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi. Ɗauki jirgin dare daga Legas zuwa Landan, tafiyar kimanin awa shida da rabi. Cire lokacin tashi, cire na abinci, cire awa ɗaya ta ƙarshe da ake kunna fitilu ana shirin sauka. Abin da ya rage na barci bai wuce awa huɗu ba. Mai barci bai san faɗin gadonsa ba. In kuma ka ce za ka zauna ka ci duk abin da aka jera maka domin kada makinka ya tafi a banza, to ka sayar da barcin da ka hau jirgin dare dominsa, ka sauka Heathrow da jajayen idanu.

To, me ake ƙara maka? Ma'aikatan jirgi da ke kula da mutum takwas ko goma sha kaɗan maimakon arba'in, abinci a duk lokacin da ka ga dama, kayan barci, ƙwan kifin nan mai tsada, sai kuma abin sha. A nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Wani babban kaso na alfarmar fas-kilas a cikin kwalba yake. Emirates, alal misali, ya yi suna wajen ba da giyar Dom Pérignon ga fasinjojin wannan aji. Bature mai sha yana iya lissafa abin da ya kurɓa ya ce ya fanshe wani abu. Alhajin da zai nemi ruwan lemo da shayi ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba, kuma shayin fas-kilas bai fi na bizines zafi ba.

Sauran alfarmar kuma tana da sharaɗi. Banɗakin wankan Emirates da ake yawan nunawa a bidiyo yana cikin jirginsa A380 ne kawai, ruwan ma na minti biyar ne. Boeing 777, wanda kamfanin ya sa a hanyar Legas, ba shi da shi. Haka abin yake a ƙasa. Lufthansa yana da gini na musamman a Frankfurt domin fasinjojin fas-kilas, inda ake ɗaukar mutum a mota har gindin jirgi. British Airways yana da falon Concorde Room a Heathrow. Amma waɗannan a gidajen kamfanonin suke. In daga filin jirgin Murtala Muhammed ko na Nnamdi Azikiwe za ka tashi, galibi falon jira ɗaya za ka zauna da masu bizines, ku sha shayi ɗaya. Wanda ya ɗaga tikitinsa a tafiyar fita daga Najeriya ya biya cikakken maki ya karɓi rabin kaya.

Batun cewa maki kyauta ne, wannan shi ne kuskuren da ya haifi sauran. Tun da American Airlines ya ƙaddamar da shirinsa na AAdvantage a 1981, maki ya rikiɗe ya zama kuɗi na biyu, wanda kamfani ke bugawa da kansa, ya sayar wa bankuna, ya kuma yanke masa daraja yadda ya so. A 2020, lokacin da korona ta tsayar da jirage, United ya jinginar da shirinsa na maki ya ci bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma ya ci na dala biliyan 9. Babu mai ba da irin wannan bashi a kan abin banza. A Amurka mutum yana iya tara dubban maki daga buɗe katin banki kawai. Mu a nan, yawancin makinmu daga tikitin da muka saya ne da gumin goshi, a farashin da dala ke ja. Saboda haka makin ɗan Kano ko ɗan Maraɗi ya fi na ɗan Chicago tsadar samu, kuma ya fi cancantar a yi masa tattali.

Akwai wani lissafi da ke ruɗar mutane. Sai ka ji mutum ya ce tikitin fas-kilas ya fi na bizines da dala dubu kaza, shi kuwa ya same shi da maki, don haka ya ci ribar dala dubu kaza. Ba haka ake auna riba ba. Tambayar ita ce: da daga aljihunka za a cire, nawa za ka yarda ka ƙara domin a matsar da kai gaba da kujeru biyar? Abin da ka amsa tsakaninka da Allah, shi ne darajar cinikin. Sannan ka tambayi kanka abin da makin nan zai iya yi a wani wuri. Zai iya fitar da mahaifiyarka daga ikonomi zuwa bizines ranar da za a kai ta ganin likita, ta yi tafiyar a kwance. Zai iya biya wa ɗanka da ke karatu a waje tikitin zuwa gida hutun sallah. Zai iya ɗaga ka kai kanka zuwa bizines a wata tafiyar da ba ofis ne ya saya maka bizines ba. Ko a nan sai an buɗe ido: tikiti mafi araha sau da yawa ba ya karɓar ɗagawa, kujerun da ake warewa domin maki kaɗan ne, kuma harajin fasinja na Birtaniya yana ƙaruwa sosai da zarar an bar ikonomi. Duk da haka, a wannan hawan ne ake sayen hutun jiki na gaske.

Ba ina cewa a ƙulle maki a adaka ba. Maki kamar ƙanƙara yake a tafin hannu cikin zafin bazara. Kamfanoni kan ƙara yawan makin da ake buƙata ba tare da neman izinin kowa ba. Delta ma tun 2015 ya janye jadawalin farashinsa na maki daga idon jama'a. Makin Emirates yana mutuwa bayan kimanin shekara uku, Avios na British Airways kuma yana ɓacewa in asusun ya yi wata 36 ba motsi. Mun kuma ga yadda Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Wanda ya tara maki yana jiran ranar alfarma, ya wayi gari babu jirgin da zai hau daga gida. A kashe maki da wuri, amma a kashe shi inda zai yi aiki.

Akwai lokutan da ni ma zan ce a ɗaga. Na farko, idan bizines ɗin jirgin tsohon yayi ne. Wasu Boeing 777 na Emirates da ba a sabunta ba suna da kujeru bakwai a jere, biyu, uku, biyu, har da ta tsakiya wadda sai ka tsallake maƙwabci kafin ka je banɗaki. Daga irin wannan zuwa ɗaki mai ƙofa, bambancin ba na wasa ba ne, don haka a duba irin jirgin kafin a yanke shawara. Na biyu, idan tafiyar doguwa ce ƙwarai, kamar Dubai zuwa New York mai kusan awa 14, inda akwai lokacin ci da barci da hutawa duka, kuma daga gidan kamfanin za a tashi. Na uku, idan makin ya kusa mutuwa kuma babu wata tafiya a gaba. Na huɗu, kaya: British Airways yana bai wa fas-kilas jaka uku masu kilo 32 kowace, bizines kuma biyu, wanda kan yi wa mai dawowa da tsaraba amfani, ko da yake sau da yawa biyan kuɗin jaka ɗaya ya fi sauƙi.

Saura dalili ɗaya da ba a cika faɗa da baki ba: sha'awa. Mutum yana son ya ga yadda abin yake, ko ya ɗauki hoto ya tura wa abokai. Ban ga laifin wanda ya yi haka sau ɗaya da halaliyarsa ba, muddin ya san sha'awa ya saya, bai ruɗi kansa da cewa riba ya ci ba. Amma wanda ya riga ya samu gado a bizines, kuma yana da iyaye ko iyali da ke bin dogon jirgi a zaune, ya amsa wa kamfanin da "na gode" kawai, ya ajiye makin domin su.