Zanzibar da kuɗi kaɗan: arahar wa ake nufi?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Instagram ya san irin bidiyon nan: wata Baturiya ko wani saurayi mai jakar goyo tsaye a bakin teku, ruwa garai-garai, yashi fari fat, an rubuta a sama cewa mako guda ya yi a Zanzibar da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Yanzu da jarrabawar ƙarshe ta matso, maganar ta shigo har ɗakunan kwananmu. Wasu na cewa a yi adashe, wasu kuma, abin da ya fi tayar min da hankali, suna maganar cin bashi a manhajojin nan na waya don su je su yi hoton kammala karatu.

Ni ra'ayina shi ne masu bidiyon ba ƙarya suke yi ba, amma ba da mu suke magana ba. Lissafinsu yana farawa ne daga ranar da suka sauka a tsibirin. Namu kuwa yana farawa tun daga ofishin fasfo.

Tun watan Satumba na 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata daga NELFUND, kuɗin wata biyar ke nan, bai ko taka filin jirgi ba. Sai biza. Bature yana iya sauka ya biya a buga masa nan take, amma Nijeriya na cikin ƙasashen da Tanzaniya ta ce sai sun nemi izini tun daga gida ta intanet, su jira amincewa, kuma jiran kan ɗauki makonni. Ga katin rigakafin shawara. Ga inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoba 2024, ko da kana da wata inshorar. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, wannan kaɗai naira 66,000 ne. Kafin watan Yuni na 2023 dala a banki ba ta kai naira 500 ba, shi ya sa duk wani tsohon lissafi da yayanka ya ba ka ya riga ya mutu.

Uwa uba tikitin jirgi. Daga Kano babu mai zuwa kai tsaye, sai ka ya da zango a wani wuri kamar Addis Ababa, kuma magana ake ta ɗaruruwan daloli. Babu wata dabara da za ta mayar da wannan araha.

To amma gaskiya ɗaya ce: da zarar ƙafarka ta taka Unguja, wato babban tsibirin, akwai araha ta gaske, kuma mu mun fi Baturen iya cin moriyarta. Motar haya da suke kira dala-dala tana tashi daga wajen kasuwar Darajani zuwa Nungwi a arewa ko Paje a gabas, a kan ɗan abin da bai kama ƙafar kuɗin tasi ba. Cunkoso ne, ana ɗora kaya har saman mota, ana tsayawa ko'ina. Wanda ya saba shiga motar kasuwar ƙauye a nan me zai ba shi tsoro? Abinci ma haka. Da dare baƙi na tururuwa zuwa lambun Forodhani cin gasasshen kifi, amma farashin can na baƙi ne. Ka shiga lungu inda 'yan gari ke cin shinkafar pilau ko miyar urojo, za ka ƙoshi da kuɗi kaɗan. Kuma ba sai ka tsaya tambayar ko halal ne ba, domin mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci kusan kowace kwana.

Har harshen ma ba baƙo ba ne sosai. Swahili da Hausa duk sun sha daga Larabci: su ce asubuhi mu ce asuba, su ce Alhamisi mu ce Alhamis, sabuni ɗinsu shi ne sabulunmu. Sallama ɗaya mai kyau tana buɗe ƙofar da dala ba ta buɗewa.

Abin da ya fi daraja a can ma kyauta ne. Yawo cikin lungunan tsohon birnin Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, ba a biyan ko sisi, ga ƙofofin katako masu sassaƙa da za su sa ɗan sashen zanen gine-gine ya manta da yunwa. Wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, inda aka gina cocin Angilika, akwai kuɗin shiga, amma ya fi cancanta a biya shi a kan hoton lilo a bakin ruwa. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, masauki kan sauko, sai dai ka san ruwan sama na iya cinye maka kwana biyu cikin biyar. A gabar gabas kuma, idan teku ya janye yakan yi nisa ƙwarai, ka fito da shirin iyo ka tarar da mata suna aikin ciyawar teku a inda ka zaci ruwa ne.

Waɗannan matan da masu kwale-kwale su ne suka sa ban yarda da wani ɓangare na wannan wa'azin araha ba. Sau da yawa abin da mai bidiyo ke alfahari da shi shi ne ya matse mai kwale-kwale har ya raba kuɗinsa biyu. Kamfanin jirgi bai rage masa ko kwabo ba, gwamnati ta karɓi nata cif, sai talakan da ke ƙarshen layi ne za a nuna wa wayo. Mu da iyayenmu ke zaune a kasuwa mun san bambancin ciniki da cin zali. A yi tayi, amma a bar wa mutum abin cefane.

Wanda yake da hali, ko iyayensa suka ɗauki nauyi, Allah ya kiyaye hanya. Wanda kuma sai ya ci bashi mai ruwa, ya tuna ga kuɗin ɗaurin furojet, ga zaman neman aiki da ba a san ranar ƙarewarsa ba, kuma masu manhajar bashin nan ba sa jin kunyar tura saƙo ga duk lambar da ke wayarka. In tsibirin ne dai ake so, akwai Gore a Senegal: ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, kuma daga Dakar tafiyar kamar minti ashirin ce a jirgin ruwa. Shi ma sai an biya tikitin zuwa Dakar ɗin, don haka a fara tambayar kuɗinsa kafin a buɗe adashen.