Amanar Marar Baki: Lissafin Kuɗin Karnuka a Ingila

Maganarmu ta yau a kan wata al'ada ce ta mutanen Ingila, wadda wani zai ji ya yi dariya, amma mai hankali zai ji ya yi tunani. A ƙasar nan akwai jam'iyyun taimako waɗanda ba su da aiki sai tsince karnukan da suka ɓata ko aka yar, a ciyar da su, a yi musu magani, a nema musu gidan zama. Wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa irin wannan gida a Landan a 1860, aka mai da shi unguwar Battersea a 1871, yana nan har yanzu. Babbar jam'iyyar hana zaluntar dabbobi kuwa, wadda ake kira RSPCA, tun 1824 aka kafa ta. Kuɗin da ke shiga hannun irin waɗannan jam'iyyu kowace shekara miliyoyin fam ne.

Kada malami ya ce wannan zancen banza ne domin kare ne. Imamu Malik a Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, duk sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa saboda haka. A mazhabarmu ta Malikiyya ma kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne. Saboda haka jinƙan dabba ba abin gardama ba ne a wurinmu. Abin dubawa shi ne dukiyar da aka tara da sunan jinƙan, wa ke riƙe da ita, wa kuma ke tambayarsa.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. A ciniki, wanda ya biya kuɗi shi ne ke karɓar kaya. In ka tauye mudu, mai saye yana gabanka, zai ɗaga murya, gobe kuma ba zai komo ba. Sadaka ba haka take ba. Mai bayarwa dabam, mai amfana dabam. Mai bayarwa ya jefa kuɗinsa a gwangwani ya wuce, ba zai bi sawu ba. Kashi babba na kuɗin waɗannan jam'iyyu kuwa daga wasiyya yake zuwa, watau mai shi yana kabari. Wanda aka tara dominsa, kare ne, ba ya karatu, ba ya kai ƙara, in an rage masa abinci ba wanda zai gaya wa. To, dukiyar da ta faɗo tsakanin mamaci da marar baki, in babu littafi da mai bincike, wa zai tsare ta?

Turawan Ingila sun gane haka tun da daɗewa. A 1853 suka kafa hukuma mai lura da jam'iyyun sadaka na Ingila da Wales. Jam'iyyar da samunta ya wuce fam 5,000 a shekara tilas ta yi rajista a wurinta. Manyan kuwa tilas su aika da lissafin shiga da fita cikin wata 10 bayan ƙarewar shekararsu, a buga shi a fili, kowa ya iya dubawa. A 2015 aka sa doka cewa wadda samunta ya haura fam miliyan 1 sai ƙwararren mai binciken lissafi na waje ya tantance littattafanta. Amintattun da ke shugabanci galibi ba a biyansu albashi, kuma an hana su cin riba daga dukiyar da suke tsaro.

Duk da haka, girma da tsufa ba su hana tuntuɓe. Ita RSPCA ɗin, daga 2014 zuwa 2016 ta zauna ba ta da tsayayyen shugaban ma'aikata, wasu daga cikin amintattu suka riƙe aikin da kansu, mai sa ido ya zama shi ne abin sa wa ido. A watan Agusta 2018 hukuma ta yi mata gargaɗi a rubuce saboda kuɗin sallama mai yawa da aka ba wani shugaban riƙo da ya bar aiki. Gargaɗin bai ce an yi sata ba. Abin da ya ce shi ne, waɗanda suka yanke shawarar ba su nemi cikakken bayani ba kafin su yi tayin, ba su kuma yi taka-tsantsan da ya kamaci mai riƙon amana ba. Majalisar jam'iyyar a lokacin mutum 25 ce, taron tsintsiya ba shara. A 2019 aka rage ta zuwa 12, aka kuma ƙayyade shekarun da mutum zai yi a kujera.

A lura da wannan da kyau. Laifin da aka kama su da shi sakaci ne, kuma sakaci cikin dukiyar wani cin amana ne ko da mai shi bai sa ko sisi a aljihunsa ba. A ƙananan gidajen karnuka haɗarin ya fi haka, domin sau da yawa mutum ɗaya ne ya kafa, shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ke sa hannu a banki, danginsa ne 'yan majalisa. Yana son dabbobin da gaske, yana karɓar fiye da abin da kuɗi zai ɗauka, bashin likita ya taru, rasit ya ɓace, kuɗin gida da na jam'iyya su cakuɗe. In an tambaye shi sai ya ce ana zarginsa bayan duk wahalar da ya sha. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗin da ba a ƙirga ba fitina ne ga mutumin kirki kansa.

Mu kuwa ba Turawa ne suka fara koya mana wannan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya komo daga karɓar zakka ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, ya kuma hau mumbari ya nuna cewa ba don aikin ba da ba wanda zai kai masa. Sayyidina Umar yakan binciki dukiyar gwamnoninsa, har ya raba ta ya mai da rabi baitulmali. Waɗannan sahabbai ne, ba a kuwa ce lissafi ya zubar musu da mutunci ba.

Shawararmu ke nan ga duk mai riƙe da kuɗin jama'a, na dabba ne, ko na marayu, ko na masallaci. Mai karɓa dabam, mai rubutawa dabam. Kada kuɗi su fita sai da hannun mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. A kira na waje ya duba littafi kowace shekara, a karanta sakamakon a gaban waɗanda suka bayar. A kashe kuɗi a kan abin da mai bayarwa ya ambata, kamar yadda fuƙaha'u suka wajabta bin sharaɗin mai waƙafi. Kada kowa ya dawwama a kujera. Mai bayarwa kuma, kafin ya miƙa hannu, ya nemi ganin lissafin bara, wannan ba rashin kunya ba ne.

Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗi da sunan marar baki, ya sani akwai ranar da za a tambaye shi, a gaban Wanda ba ya bukatar rasit. Allah ya sa mu fita haƙƙin abin da aka ba mu amana, amin.