Haƙƙin mallaka: littafi a kulle, mai waƙa hannu wayam

Ranar 1 ga Janairun 2024, Mickey Mouse na farko, wanda ya fito a fim ɗin Steamboat Willie a 1928, ya kuɓuce wa kamfanin Disney ya zama na kowa. Shekara 95 doka tana tsare shi, domin a 1998 majalisar Amurka ta ƙara shekara 20 a kan wa'adin. Masu suka a can na cewa kariyar ta yi tsawo. A nan gida Nijar, matsalarmu biyu ce: dokar tana hana mai son bin ƙa'ida motsi, kuma ba ta ciyar da wanda aka yi ta dominsa.

Yarjejeniyar Berne, wadda Nijar ke cikinta, ta tanadi a kare aikin marubuci tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Najeriya da Faransa sun kai nasu wa'adin shekara 70. Hikimar ita ce mai aiki ya ci guminsa, magada su amfana, daga baya aikin ya koma dukiyar jama'a.

Mu ɗauki littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda aka buga a Paris a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Marubucin ya rasu a 1993, don haka a dokar Faransa kariyar za ta kai 2063. Matashin Damagaram ko Tawa da ke son fassara irin wannan littafi zuwa Hausa sai ya nemi izini. Daidai ne. Amma wurin wa zai je, magada ko maɗaba'a? Nawa zai biya? Idan babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa, sai ya haƙura, littafin ya ci gaba da kwana a kabad. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, wannan tambaya ta daina zama ta masana doka kawai.

A gefe guda kuma, mawaƙin da ya ci bashi ya shiga situdiyo yau, gobe zai ji waƙarsa a wayoyin jama'a. Masu turi a tasha da kasuwa suna cika memori da waƙoƙi da finafinai, shi ko sisi bai gani ba. Me shekara 50 bayan mutuwa za ta tsinana wa wanda bai samu na cefanen yau ba? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Muna kira ga hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, da ta buɗe rajistar da kowa zai iya dubawa a waya, a san mai riƙe da haƙƙin kowane aiki. A sauƙaƙe izinin fassara zuwa harsunanmu da farashi sananne. Masu turi kuwa, kora ba za ta gama da su ba: a ba su lasisi, su riƙa biyan wani kaso da zai isa hannun masu aikin.

Ku ma masu karatu da naku rabon, musamman 'yan uwa da ke ci-rani a Agadas, Libiya, Abijan ko Turai, waɗanda waƙar gida ke ɗebe wa kewa. Kafin ka tura sabon fim a zauren WhatsApp, ka tuna akwai wanda ya sayar da filinsa ko babur ɗinsa ya shirya shi. In bai mai da kuɗinsa ba, ba zai sake yin wani ba.